Danshin Ɗakin Kaka

Har yau idan na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa alhali ba damina ba, sai gabana ya faɗi. Ƙamshin ɗakin Kaka ne, a shekarar da aka ja mana ruwan famfo a gidanmu na cikin garin Daura.

Ina aji huɗu a firamare, ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba. Kawu, yayan Inna, shi aka ba aikin. Asalinsa injin ban ruwa yake gyarawa a wajen Sandamu, amma da ya ji labari ya ce ba za a kira bare yana raye ba. Baba bai iya musawa ba, suruki ne.

Ranar aikin Baba yana kasuwa. Kawu ya zo da leburori biyu, don haka mata suka shige ɗaki suka saki labule. Ni aka bari ina miƙa buta da fura. Duk gidan ni kaɗai na ga yadda aka yi.

Hanya mafi kusa daga babban bututun titi zuwa tsakar gida ta bi ta gindin ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, ɗakin ƙasa mai rufin azara da marigayi mijinta ya gina. Nan suka haƙa. Da bututu ya gaza, Kawu ya ɗauko guntun bututun roba ya gasa bakinsa a murhun Inna har ya yi laushi, ya cusa ɗaya cikin ɗaya. Ya ce gam ya ƙare, sai ya yanko robar tayar babur ya naɗe mahaɗin. Ranar ba a kawo ruwa ba, balle a gwada. Suka mayar da ƙasa suka tattake. Na buɗe baki zan yi tambaya, ya dube ni, na sunkuyar da kai.

Sau biyu a mako ake sako ruwa. Na maƙwabta da ƙarfi yake zuwa, namu siriri kamar zare. Kawu ya ce ai gidanmu ne a kan tudu.

Sai ga ciyawa ta tsiro a gindin bango a tsakiyar bazara. Tururuwa suka kwashe ƙwansu suka ƙaura. Wani baƙin layi ya fara hawa bangon, in na dawo makaranta sai in auna shi da jikina: daga idon sawu, har ya kai gwiwa. Kaka kuwa murna take, wai ɗakinta ya yi sanyi kamar randa.

Na gaya wa Inna tana tankaɗe. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce in kama bakina, so nake a ce yayanta bai iya aiki ba? Baba ma ya sani, don na ga ya dafa bangon ya shinshina tafin hannunsa. Abin da ya iya kawai, ya aika a ce wa Kawu in ya samu sarari ya leƙo. Wata uku Kawu bai samu sarari ba.

Wata Laraba da hantsi Kaka ta fito shanyar kuɓewa, bangon ya zauna, azara ta biyo shi. Na dawo na tarar da tasoshin aurenta sun lotse cikin laka. Geron da muke ajiyewa a ɗakin, ashe tuni ya ruɓe daga ƙasa. Baba ya kai ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu kasuwar Mashi ya sayar don a sayi hatsi, daminar nan da fartanya aka yi ta.

Kawu ya zo jaje, yana ta cewa ikon Allah ne. Kaka tana zaune a tabarma, riƙe da robar da masu kwasar ƙasa suka tono.

"Ikon Allah ne," ta ce. "Amma wannan ba daga sama ta faɗo ba."

Bayan ya tafi ta juyo gare ni. "Ke da kike tsaye a kansu, me ya hana ki magana?"

Na dubi Inna. Inna ta dubi ƙasa. Na sake yin shiru, kuma wannan shirun ya fi na farko ci mini rai.

A ɗakin bulo mai rufin kwano Kaka ta ƙarasa kwanakinta, kullum da mafici a hannu, tana cewa an sa ta a tanda.

Yanzu ina da gidana. Duk mai gyaran famfon da ya shigo, kujera nake ɗaukowa in zauna a kansa, kuma ba a rufe rami sai ruwa ya bi bututu na shafa mahaɗin da hannuna. In ba a kawo ruwa ba, ramin ya jira. Na ji suna cewa Malama ta cika fitina. Kwanan baya ɗan yayan maigidana ya ce shi zai yi mana aikin kyauta. Na ce na gode, na kira bare.