Ta Riga Ni Har a Gaban Murhu

Idan ta idar da asuba, Yaya Maryama ba ta komawa barci. Takan haɗa shayi ba sukari, ta kunna fim, ta kashe sautin, ta zauna kallon hannun mata. Wata na niƙa masara a dutse, wata na miƙa wa miji kwano ba ta dube shi ba. Sai ta tsayar, ta mayar baya, ta yi rubutu. Daga nan mota ta ɗauke ta daga unguwarmu Tandabawi zuwa Jidda, inda ta koyar da Sifaniyanci a jami'a har ta yi ritaya a bana. A daidai lokacin ni ina wurin mahauta ina rigima a kan cinyar rago.

Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Ni ne Sabitu mai tsire. Firamare ban ƙarasa ba. Ita ta je Sifen, ta je Meziko, ta dawo da Dakta a gaban suna. An ce in rubuta mata jinjinar ritaya tunda ni ne ƙaninta. Zan rubuta, amma a sani ina kishinta, kuma ban daina ba.

Tun ina saurayi nake gasa nama, hayaƙi ya cinye min ido, ba wanda ya taɓa kirana in yi jawabi a kan abinci. Ita da ke rubuta abin da ake dafawa a cikin fim, tikitin jirgi ake aiko mata. Lokacin da ta fara ko gidan silima babu a ƙasar nan, kaset take cikowa a akwati. 'Yan unguwa suka sa mata Daktar Kallo. 

Wata rana ta ce mutanen Meziko na yin gurasa da masara zalla, siririya, a naɗe nama a ciki ba ta karye ba.

Na ce, "Yaya, wannan a fim ne. Masara ba ta da danƙo. Ki riƙe bironki ki bar mana murhu."

Ta ce, "Ɗebo min toka a wurin gashinka."

Ta dafa masarar a ruwan toka, ta bari ta kwana, ta wanke, ta niƙa, ta faɗaɗa da tafin hannu. Ta naɗe tsirena a ciki. Munzali mahauci yana wurin, ya ci ya nemi ƙari, ya ce, "Sabitu, ka koma yaron shagonta kawai." Har yau gurasar nan ba ta karye ba a cikin kaina.

Hajiya Rabi maƙwabciyarmu shaida ce a kan wani abin. Duk Alhamis bayan la'asar Yaya kan tara tsofaffin matan unguwa, ta ɗauko abin da matan Sifen da Meziko suka rubuta, ta juya musu da Hausa da baki. Hajiya ta ce ranar da aka zo kan labarin wata da ta bar ƙasarsu take girki da abin da ta samu, ba wadda ta iya shan shayinta, don kowacce ta tuna uwarta da ta zo daga Kano a ƙafa ta Sudan. Daga ranar tsofaffin suka fara ba da nasu labarin, Yaya ta koma mai sauraro.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya min a wuya Nuf ce, 'yata, ita kaɗai gare ni. In yi mata Hausa ta amsa da Larabci, haka muka rayu. Sai ga ta wata rana a shago, ta ja kujera, ta ce da Hausa mai ɗingishi, "Abuya, wa ya koya wa Inna haɗa yaji?" Abuya take ce min, wato Baba, Inna kuwa mahaifiyarmu ce. Na kusa ƙona naman da ke kan wuta. Na ba ta labari har magariba. Ta dawo washegari, ta sake dawowa. Na yi ta yawo a unguwa kamar wanda aka yi wa sarauta.

Ashe Yaya ce ta turo ta. Nuf ta roƙe ta ta koya mata Sifaniyanci, Yaya ta ce ko kalma ɗaya ba za ta koya mata ba sai ta san abin da kakarta ke dafawa, daga bakin ubanta, da harshen ubanta. Na je na sami Yaya.

"Yanzu har hirar da 'yata ke yi da ni sai da izininki?"

Ta ce, "Ka ji daɗin hirar ko ba ka ji ba?"

"Ba shi na tambaya ba."

"To sha shayinka, ya huce."

Yanzu Nuf ta sami gurbin karatu a Sifen. Doka ba ta hana ta tafiya ba, amma ta ce ba za ta taka filin jirgi ba sai na ce to. Lokacin karɓar gurbin ya kusa ƙurewa, ni kuma na ƙi cewa to, don na san hanyar wa za ta bi, kuma ba tawa ba ce.

Yaya, ke ce kika ga girman aikin hannun mata tun ana yi miki dariya. Ke ce kika je har ƙarshen duniya kika dawo kika zauna a tabarmar Hajiya Rabi. Ke ce kika dawo min da 'yata kafin ki ɗauke ta. Na gode, ko da yake da ƙyar ta fito. Allah ya ƙara lafiya, ya sa hutun ya karɓe ki. Masu karatun cikinmu su yi irin naki, duk inda suka je su dawo su tambayi na gida.

Nuf, wannan layin ki karanta da kanki, kada Gwaggonki ta fassara miki. Na ce to. Yajin tafiya ni zan haɗa, kuma idan kin sauka, ni za ki fara kira.