Biskit da Shayi Suka Shanye Jinin Nusaiba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ban ce uffan a wannan zauren namu ba. Masu aiko gaisuwa ban amsa ba, ku yafe ni. Na ƙi magana cikin fushi ne, kada in ɗauki alhakin wani. Yau ma ban ce zuciyar ta sauka duka ba.

Waɗanda suka san gidanmu a Zongo sun san Nusaiba, 'yar ƙanwata Rakiya, Allah ya jiƙanta. Tana da shekara biyu uwar ta rasu, na ɗauko ta. Yanzu shekararta biyar.

Yarinya ce mai zaɓen abinci. Tuwo ta ce wari yake. Shinkafa da wake, sai ta tsince waken ɗaya-ɗaya. Abu biyu ta sani: biskit, da shayi mai madara da sukari.

Ni kuwa tun a makarantar allo aka karantar da ni cewa maraya ba a yi masa tsawa. Na riƙe wannan har ya fi ƙarfina. 'Ya'yan cikina da "ci ko ka tashi" na raine su. Ita da ta ɓata fuska sai in ga kamar Rakiya na kallona.

Ga kuma unguwa. Duk mai neman ladan maraya, a kan Nusaiba zai nema: a shafa kanta, a danƙa mata biskit ko alewa. Ranar Juma'a har a gefen hijabi take ƙullo su. Sau ɗaya na ce wa maƙwabciyata Hajiya Azumi, a hankali, "Hajiya, a bari ta ci tuwo tukuna."

Ta ce, "Mallama, ke da karatunki za ki hana marainiya sadaka? Da dai Rakiya na nan..."

Ba ta ƙarasa ba. Ni ma ban sake ba.

Da kasala abin ya fara. Tafiya kaɗan ta ce a goya ta. Na kama ta tana ɓantarar ƙasar bango tana ci, aka ce yarinta ce. Tafin hannunta ya yi fari, na ce hasken uwarta take ɗaukowa. Allah ya yafe mini.

Sai zazzaɓin sauro ya zo ya tarar da jiki ba komai. Wata Talata da hantsi ta faɗi a bakin randa, numfashi sama-sama. Na goya ta muka hau zemijan, babur ɗin haya, sai asibiti, ina jin kanta na reto a bayana.

Likitar 'yar ƙabilar Ewe ce, da yaren Mina ta yi mini magana. Ta ja fatar idon yarinyar ta nuna mini: fari fat kamar auduga. Aka ɗebi jini aka kai analiz, wato gwaji.

"Me take ci?"

Na faɗa mata. Ta ajiye biro.

"Maman, cikinta a cike yake, amma jininta ya ƙare. Shayin nan ma hana jiki ɗaukar abin gina jini yake. Da kun ƙara kwana, da ba wannan maganar muke ba."

Sau biyu aka ƙara mata jini. Kwana tara muka yi. Allura a hannu, ruwa na ɗiga, ina ƙirga numfashinta maimakon carbi. Ordonas bayan ordonas, kowace takarda da nata maganin da za a saya, har turmi biyu na atamfa da na ajiye suka koma kasuwar Assigamé a rabin kuɗi. Wannan bai dame ni ba.

Abin da ya dame ni, a kwana na uku matan unguwa suka zo dubiya. A baranda na jiyo wata na cewa, "Riƙo ai sai a hankali. Yunwa ce fa, an ce ba ta ƙoshi."

Suka shigo. A hannun Hajiya Azumi ledar biskit ce. Na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya. Har a ranar na kasa cewa a'a.

Malam, maigidana, shi ya ɗauke ledar bayan sun fita. Ya ce, "Rabin darasin kika riƙe. An hana wulaƙanta maraya, ba a ce a zuba masa ido ya cuci kansa ba."

Da muka dawo gida na kafa doka. Ba shayi. Safe koko da ƙosai ko ƙwai. Hanta ɗan yanka, zogale a niƙe cikin miya. In ta nemi abin taɓawa, ga ayaba, gwanda, gyaɗa, lemu, dabino biyu. In ta ture kwano in rufe in ajiye, ba na musanya da komai. Biskit ɗaya ranar Juma'a, bayan ta ci abinci.

Kwana shida tana kuka, ana ji ta katanga, na san abin da ake faɗa. Ta ce, "Mma, ba kya sona." Na shiga ɗaki na yi nawa kukan. Ban ba ta ba.

Rana ta bakwai ta ci wake cokali uku.

Wata uku tana shan maganin ƙarin jini. Makon jiya likitar ta sake jan fatar idon: ja. Kuɓewa dai har yau ba su shirya ba, na ƙyale ta.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitar nan, da waɗanda suka ba da jinin da ban san sunansu ba, da Malam.

Iyaye mata, ku riƙa duba cikin idon yaro da tafin hannunsa. In yana cin ƙasa, asibiti za a kai shi. Kada a ba shi kayan zaƙi kafin abinci. Kukan hani yana wucewa. Ku kuma masu sadaka, ku tambayi mai riƙo kafin ku miƙa.

Juma'ar da ta wuce Hajiya Azumi ta shafa kan Nusaiba, ta zaro biskit. Na riƙe hannun Hajiyar, na ce, "Hajiya, in lada kike so, kawo ƙwai."

Tun ranar ba ta gaishe ni ba. Ƙwan ma bai zo ba.

Nusaiba na tsakar gida tana tsalle. Wannan gaisuwar ta ishe ni.