Ranar da Na Raka Kaka Gida

Har yanzu idan ina zaune a aji, madan, malamarmu, tana rubutu a allo, sai in ga hannuna yana rawa ba dalili. Ƴan ɗakinmu sun ce zazzaɓin damina ne bai gama sakina ba, na bar su a haka. Abin da ya same ni a hutun nan ba ciwo ba ne. Ban san sunan da zan ba shi ba, shi ya sa nake rubuta shi yadda ya faru.

Ƙauyenmu yana tsakanin Mallawa da Dungas. Gabas da shi akwai daji wanda ba na kowa ba. Fulani suna kiwo a ciki, mata suna yin itace da ganyen kuka, amma ba mai sa masa hauya. A tsakiyar dajin akwai wata tsohuwar ganuwa ta ƙasa. Mu yara kufai muke ce wa wurin, tsofaffi kuwa gida suke cewa. Ban taɓa zuwa ba, don tun ina ƙarama gardunan gwamnati suka rubuta ni lakwal, wato makarantar boko, a Magarya, daga can kuma aka wuce da ni gaba.

Kaka, mahaifiyar babana, a cikin ganuwar nan aka haife ta, tun Nasara ba su zo ba. Sai da aka daina hari mutane suka watse suka bi gonakinsu. Bana hankalinta ya fara tafiya yana dawowa. Wata rana ta san kowa har da jikokin maƙwabta, wata rana ta tambayi inda aka kai akuyar da ta mutu tun ban iya tafiya ba.

Ran nan da hantsi ta zungure ni da sandarta.

"Ƴar lakwal, tashi ki raka ni gida."

"Kaka, nan ɗin ina ne?"

"Nan wurin zama ne. Ke dai karatun naki bai kai ki ko'ina ba."

Baba yana ɗaure wa jaki mangala zai tafi gona. Ya kira ni gefe ya ce, "Kai ta, ta daɗe tana nema. Kada ki yi mata gardama, gardama ce ke ƙara ruɗa ta. Amma ki dawo mini da ita kafin la'asar, ban yarda da sararin nan ba."

Ni kam daɗi na ji. An sha nuna mana hotunan tsofaffin gine-ginen Faransa, ga namu a bayan gari ban taɓa gani ba.

Na ɗauka zan ga bango irin na birnin Damagaram. Ashe tudu ne dogo, ya miƙe ya lanƙwasa ya shige cikin itatuwa. Wani wuri ya kai ni ƙirji, wani wuri da ƙyar ya wuce gwiwa. Sabara da kalgo sun tsiro a kansa. Ta waje akwai gwalalo, ramin da aka ɗebi ƙasar, ya cika da ruwan sama da kwaɗi. Na ga inda shanu suka tattake tudun ya kwanta, na ɗaga ƙafa zan haura. Kaka ta fizgo zanena.

"Ɓarauniya ce ke, ko akuya? Gari ta ƙofa ake shigarsa."

Muka yi ta zagaye, ƙarangiya tana cin ƙafata, har muka iso wani giɓi tsakanin kukoki biyu. A idona bai bambanta da sauran giɓin ba. Ita kuwa ta tsaya, ta gyara kallabi, ta yi sallama.

Na ce, "Kaka, su wa suka gina ganuwar nan?"

"Tarar da ita muka yi."

"Kakanninku fa?"

"Su ma tarar da ita suka yi."

"To su wane ne suka fara?"

"Masu tsoro mana. Kin ga alamar wanda ya yi barci ya ƙoshi a wannan aiki?"

Ciki ya fi waje sanyi, ƙasar kuma baƙa ce mai laushi. Ko'ina na sa ƙafa sai tsingaro, fasassun tukwane, wasu da zane kamar an danna musu igiya tun suna ɗanye. Na tsinci wani baƙin dunƙule mai nauyi, Kaka ta ce kashin maƙera ne. Ga dutsen niƙa rabinsa a binne, cikinsa ya zurma don aiki. Na durƙusa na sa hannu a ciki, ina tunanin gwiwoyi nawa suka durƙusa a nan kafin nawa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai tafiyar Kaka ce. Fili ne fetal tsakanin itatuwa, amma ba ta miƙe ba. Sai ta yi gaba, ta karya hagu, ta sunkuyar da kai kamar mai shiga ƙaramar ƙofa, ta sake karyawa. Da na yanke hanya ta ce, "Ke, ɗakin mutane kike takawa." Na koma bayanta ina sa ƙafa inda ta ɗauke tata. Sannu a hankali garin ya fara tashi a kaina: nan lungu, nan danga, can maƙera. Ta nuna mini wani kurmin ciyawa da sanda ta ce rijiya ce. Na jefa tsingaro ɗaya, na daɗe ina saurare kafin na ji ya faɗa.

Kusa da rijiyar akwai tsamiya. A gindinta Kaka ta zauna, ta miƙe ƙafafu, ta fara magana ƙasa-ƙasa. Da fari na zaci da ni take. Sai na ji ta ce, "Inna, bar shi, ni zan tankaɗe." Muryar ma ba tata ba ce, siririya ce, ta yarinya.

Na bar ta, na ci gaba da tsince-tsince. Iska ce ta dawo da ni, mai sanyi da ƙamshin ruwa. Na ɗaga kai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin.

"Kaka, hadari. Tashi mu tafi."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ƴar wace ce ke?"

Na gaya mata ko ni wace ce, na gaya mata sunan Baba, ba ta ko ƙifta ido ba. Na kama hannunta zan ɗaga ta, ta riƙe saiwar tsamiya da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ƙwala ihu wai a zo a raba ta da mahaukaciya. Na sake ta. In na ruga gona kiran Baba, na bar ta ita kaɗai ga rijiya a gefenta. In na zauna, ruwa ya same mu, gwalalo ya tumbatsa, ga ta tsohuwar da ko raɓa ke kwantar da ita. Na yi kira ko akwai makiyayi kusa, ba wanda ya amsa. Ban san lokacin da na fara kuka ba.

Ta juya ga wadda take kira Inna tana gunaguni. "Ji mini yarinya. Ni da na zo ganin gida, haka kawai zan tashi in bi ta? Wa aka aiko?"

Na share fuska. Na bi lungunan nan yadda muka shigo, ban yanke ko ɗaya ba, har inda ta fara sunkuyar da kai. Na tsaya a nan na ɗaga murya.

"Salamu alaikum, masu gida!"

Sai muryar nan siririya ta ce, "Alaikumus salam. Wa ke nan?"

"Daga gidan mijinki aka aiko ni. An ce ki zo."

Mijin nata, kakana, ya rasu tun kafin a haife ni.

Kaka ta tuntsire da dariya ta rufe baki da gefen zane. "Ke ce, uwar tsegumi? Yayan naki ba shi da haƙuri? Yaushe na zo da har zai aiko?"

Ta ɗauke ni ƙanwar mijinta ke nan. Na ce, "Ya ce tun da kika tafi bai ci tuwon kirki ba."

"Ƙarya kike. Tuwon naku mai gudaji ne ya ishe shi." Ta lalubo sandarta. "To shigo ki gaida mutane, ko a gidanku ba a koya muku ba?"

Na shiga na durƙusa a gaban ciyawa. Na ce ina wuni, ina gajiya, yaya damina. Kaka tana tsayawa tsakanin kowace gaisuwa, tana kallon gefena, tana gyaɗa kai. Wannan tsayawar ce har yau take sa hannuna rawa. Ban ji komai ba sai iska a ganyen tsamiya, amma na samu kaina ina jira a gama amsawa kafin in ci gaba.

Ta yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya, ta ja mayafi ta rufe kai, ta ce in wuce gaba. Muka fita ta tsakanin kukokin. Ban waiwaya ba, sautin sandarta kawai nake bi da kunne. Yayyafi ya same mu a burtali, amma ruwan bai sauko sosai ba sai da muka ga dangar gidanmu.

Baba yana tsaye a bakin zaure, ya dawo daga gona yana shirin bin sawunmu. Da Kaka ta hango shi sai ta ja mayafin har kan hanci, ta sunkuyar da kai, ta raɓa ta gefensa ta shige da sauri. Ba wanda ya ga wani abu a ciki. Baba ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ko haɗa ido da shi ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi, yau kam da hankalinta ta dawo."

Ni da nake bayanta na ji ƴar dariyar da ta yi a ƙarƙashin mayafi da siririyar muryar nan, irin ta amaryar da ta hango mijinta. Na buɗe baki zan gaya masa, sai ya ce in je in hura mata wuta kada sanyi ya kama ta. Na tafi na hura.