Hammatar Baba Mordecai

Almu mutumin Malumfashi ne, kuma aiki uku ya yi a London kafin ya samu wanda ya zauna masa: gadi, wanke-wanke a otal, tuƙin motar kai kaya, sannan kula da tsofaffi a gidajensu. Wannan na ƙarshen ba wanda ya koya masa. Shi ya yi jinyar mahaifinsa har Allah ya karɓi abinsa, wanka da yankan farce da aski duk a hannunsa.

Cikin tsofaffi biyar da agency, wato kamfanin da ya ɗauke shi aiki, ta ba shi, Baba Mordecai ne na hannun damansa. Bayahude ne, tsohon tela a Stamford Hill, shanyewar ɓarin jiki ta kashe masa hannu ɗaya, ta kuma nauyaya masa harshe. Masu kula uku ya kora kafin Almu. Shi ya tsira, don bai taɓa haɗa kwanon nama da na madara ba, abin da addininsu ya hana, kuma tun ranar farko Dibora, 'yar tsohon, ta gaya masa reza ba ta taɓa gemun babanta, sai almakashi. Almu ya ce ai wannan kusan gida ne. Gemu ta ce. Ba ta yi maganar hammata ba.

Wata safiya yana yi wa tsohon wanka, ya ɗaga shanyayyen hannun, sai ya ga gashi ya yi tuli. Ransa ya ɓaci. A inda ya tashi, namiji mai tsabta ba ya barin hammata ta haura kwana arba'in. Mutum uku sun wuce, ba wanda ya duba! Washegari ya taso daga gidansa a Plumstead da sabuwar reza a aljihu.

Yana shafa sabulu tsohon ya fara, "A... a..." Almu ya ɗauka kunya ce.

"Haba Baba, ni ma ai ɗanka ne. Yanzu za ka ji iska."

Ya share ta dama tas. Da ya zagayo ta hagu, hannun nan mai lafiya ya damƙe masa wuyan hannu, irin damƙar da ya saba yi wa almakashi. Haka Dibora ta shigo ta same su.

Ta dubi rezar, ta dubi babanta. "Me ka yi? A addininmu namiji ba ya aske nan da reza. Malamanmu sun ce adon mata ne, sai in ciwo ya tilasta. Tun da aka haife shi ba a taɓa ba!" Ta zaro waya, ta ce agency za ta kira su turo wani.

Almu ya fice baranda ya kira matarsa.

"Jamilatu, za a yi min cancel ɗin shift. Za a raba ni da Baba."

Da ta ji labarin sai ta ce, "Kai da rawar kai! Wa ya aike ka hammatar mutane?"

"Sunna ce fa."

"Sunnar wa? Malam, je ka ba da haƙuri, ka bar yi min wa'azi."

Ya koma ya durƙusa gaban kujerar tsohon, gwiwa biyu a ƙasa. Ya ce bai sani ba, kuma bai tambaya ba. Abin da yake yi wa mahaifinsa ne ya yi masa.

Baba Mordecai ya daɗe yana kokawa da harshensa. Dibora na tsaye, waya a kunne.

"Babanka... duka biyu?"

"Duka biyun, Baba."

"Ni... rabi."

Kafaɗarsa ta fara rawa. Almu ya zabura, ya zaci wani ciwon ne ya taso, ashe dariya ce, har da hawaye. Tsohon ya yi wa 'yarsa alama ta ajiye wayar.

"Baba, uku ka kora a kan abin da bai kai wannan ba," in ji Dibora.

"Ba ya tafiya," in ji tsohon, yana nuna hammatar da haɓa. "Shi ya cire. Ya zauna... sai ya tsiro."

Almu ya leƙa wurin, sumul ba ko sili ɗaya. "Baba, a shekarunka fa zai daɗe."

Tsohon ya gyara hular kansa. "Ya daɗe."