Ranar da Aka Bar wa Darakta Tire

Ko tsufa ya sa na manta sunan unguwar da na zauna a Masar, akwai wata Juma'a da ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Ɗakinmu ɗaya da wani ɗan ƙasarmu a Giza, a shekarun da ƙasar ke cikin hargitsi. Ni ina karatun shari'a, shi kuwa yana koyon ba da umarni a fim, shi ya sa muke ce masa Darakta. Mutumin nan ko shayi zai miƙo maka sai ya ce ka matsa kusa da taga, haske ya fi kyau. Abin da ya fi so a duniya shi ne finafinan barkwanci masu habaici, irin waɗanda ɗan daudu ke tona asirin masu fuska biyu. Yana kallo yana dariya har da hawaye, ni kuwa ina gefe ina tsaki.

Da makarantarsu ta ce kowa ya yi gajeren fim, sai ya rubuta labarin ɗan daudu mai girki a gidan wani attajiri, mai tsine masa a gaban jama'a, amma attajirin ba ya iya cin tuwon kowa sai nasa. Ya bi ɗaliban Najeriya da na Nijar yana roƙon wanda zai hau matsayin, kowa ya ce a kai kasuwa. Ƙarshe ya ɗaura zani da kansa, ya miƙo mini kyamara.

"Malam, riƙe kawai. Kada hannunka ya yi rawa."

Wallahi ina leƙawa ta kyamarar sai na ga wani mutum daban. Duk zamanmu ban taɓa ganinsa ya saki jiki haka ba. Ba kwaikwayo yake yi ba. Na gane halinsa ne na gaskiya, ya san na gane.

To, duk Juma'a bayan masallaci muna haɗuwa a gidan wani dattijon Bahaushe ɗan kasuwa a unguwar Hadayek el-Ma'adi, mu ci tuwo a tire ɗaya. Mai cin tiren nan shi ne ɗan gida: in ya kwanta ciwo a duba shi, in takardar zamansa ta ƙare a tsaya masa. Na roƙi Darakta kada ya nuna fim ɗin a can.

"Ma'alish, ba komai," in ji shi, "ai don su na yi. Bamisire ba zai gane habaicinmu ba."

Ranar Juma'ar ya kunna musu fim ɗin a kwamfuta. Da farko an sha dariya, ana nuna rangwaɗarsa. Amma da mai girkin ya fara yi wa maigidansa habaici, dariyar ta mutu. Wani daga baya ya ce, "Kai, wannan ai ba koya ya yi ba." Dattijon ya rufe kwamfutar a hankali.

"Yalla, tuwo na hucewa."

Darakta ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya yanko loma. Sai na ga hannuwa suna janyewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce ya ƙoshi, wancan ya tuna yana da waya. Muka rage mu biyu a gaban tuwon mutum goma. Na ci gaba da ci. Ya sunkuyo, idonsa jawur, ya raɗa mini:

"Da kyamara na hannunka, ai wannan ne fim ɗin."

Kafin wata ya ƙare labari ya kai gida. Kawunsa mai ɗaukar nauyinsa ya ce khalas, shi ke nan, ya zare hannu. Darakta ya bar makaranta, ya koma yi wa marasa lafiya 'yan Najeriya tafinta a asibitoci. Da ya kwanta zazzaɓi, ni kaɗai na je. Bai sake taɓa kyamara ba, kuma har yau abin na ci mini rai.

A nan na koyi cewa mutane na son dariya matuƙar wani ake yi wa. Ranar da wanda suka saba yi wa dariya ya juyo ya yi musu, ko tuwo ba za su ci da shi ba.