Kunyar Ɗan Fari a Filin Zari-Ruga

Wata safiyar Alhamis ce cikin watan Janairu, shekarar da na cika tara, tun hutun mako a Riyad bai koma Juma'a da Asabar ba. Sanyi na ratsa ƙashi. Ina zaune a kan darduma a bakin filin wasa, tsakanin Ummata da Gwaggo Hansatu, yayar Abbanmu, na cusa hannuwana cikin rigar sanyi, sai na ga Yaya Haruna ya sunkuya ya tari wani ƙaton yaro da ya rugo da ƙwallo a hammata. Gwiwar yaron ta same shi a gefen kai. Har inda muke na ji ƙarar, kamar an yar da ƙwarya a kan daɓe. Yaron ya yi tuntuɓe ya wuce abinsa, shi kuwa Yaya ya kife a kan ciyawar roba, hannu ɗaya a ƙarƙashinsa, ko motsi bai yi ba.

A wancan lokacin muna zaune ne a hawa na biyu na wani bene a unguwar Badi'a. Abba injiniya ne, aikinsa na can wajen gari, sai ya yi mako biyu ba mu sa shi a ido ba. Umma kuwa ma'aikaciyar jinya ce a wani babban asibiti. Mu biyu ta haifa, Yaya mai shekara goma sha uku, sai ni. Larabci muke yi a tsakaninmu, Hausa kuwa sai in za a yi mana faɗa ko in baƙi sun zo daga gida. Wani abokinsa na makaranta ne ya ja Yaya cikin ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta yara, wadda ke wasa a wata unguwar Turawa mai doguwar katanga da masu gadi a ƙofa. Tun daga ranar gidanmu bai sake samun sakat ba. Matasan kujerun falo sun sha kayarwa, in ya gaji da su ya dawo kaina, ya ce in tsaya da kyau ya gwada sabon kamu. Ni ce mai wanke masa dogayen safa in shanya a saman bene, ni ce mai sauka baƙala, kantin unguwa, sayo masa madara da burodi, ni ce mai yanka lemo gida huɗu in zuba a roba duk ranar wasa. Ladan da nake samu shi ne ya bar ni in riƙe ƙwallon nan mai siffar ƙwai, wadda Abba ke cewa ko ita kanta ba ta san inda za ta nufa ba in ta faɗi ƙasa.

Yaya ɗan fari ne, kuma Umma 'yar Bichi ce da ba ta bar kunyarta a filin jirgi ba. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Je ki gaya wa wancan abinci na hucewa," haka take cewa, alhali yana zaune gabanta. Ba ta yabonsa, ba ta zama kusa da shi, in ya yi zazzaɓi ni ake ba maganin in miƙa masa, ita tana bakin ƙofa kamar wucewa take yi. Mace ce da take wuni tana lallashin 'ya'yan mutane a asibiti, amma nata sai dai ta zuba masa tsokar da ta fi girma ta kau da kai. Abin yana ba ni haushi, don ni ce 'yar aike tsakanin mutum biyu da ke ɗaki ɗaya. Da Gwaggo ta zo mana ziyara daga gida kuwa, sai kunyar ta ninku. A gaban yayar miji ko inuwar Yaya Umma ba ta kallo. Ranar ma ba don Gwaggo ta nace sai ta ga wasan da ake daka mata ɗa ba, da ni kaɗai za a haɗa da direba kamar kullum.

Ƙungiyar ba ta da likita, ba ta da kowa mai duba yara. Abin da ke akwai shi ne bokitin ruwa da ƙanƙara, da koci, wani Bature mai jan wuya da ke son yaran da gaske amma ya fi son a ci wasa. Yadda yake yi in yaro ya bugu shi ne ya tambaye shi ko zai iya ci gaba, sannan ya ɗaga kai ya dubi layin iyaye. In uwa ta rugo, a fitar da yaro. In ba wanda ya taso, to iyaye sun yarda ke nan. Tsarin yana tafiya daidai, don sauran iyayen ko ƙurjewa yaro ya yi sai ka ga uwa ta zubar da kofin shayi ta yi cikin fili. Ba wanda ya taɓa gaya wa kocin cewa akwai uwar da ba za ta taso ba.

Haka ya durƙusa kan Yaya, ya yayyafa masa ruwa, can sai ga shi ya tashi zaune yana dafe da ƙasa. Kocin ya ɗago ya dubi dardumarmu. Ya san Umma ma'aikaciyar jinya ce, yana cikin takardar da aka cike. Na juya na dube ta, na ga ta sunkuyar da kai tana tsiyaya wa Gwaggo shayi daga fulas, shayin har yana zuba a gefen kofi. Gwaggo ta ce namiji ne, yanzu zai miƙe. Kocin ya ɗauka ma'aikaciyar jinya ta duba ta ga ba komai, ya bubbuga bayan Yaya, aka busa usur aka ci gaba.

Da aka tafi hutun rabin lokaci na ɗauki robar lemo na nufi wajen 'yan wasa, amma ban ga Yaya cikinsu ba. A bayan ɗakin sauya kaya na same shi, ya dafa bango yana kwara amai. Da ya ɗago, idonsa ya yi wani iri, kamar wanda aka tasa daga barci. Ya tambaye ni su wa ke gaba, na ce ƙungiyarsu ce. Ya goge baki, ya sake tambayata su wa ke gaba. Na ce zan je in gaya wa Umma, sai ya cafke mini wuyan hannu da ƙarfin da har yau nake jin wurin. Ranar ce za a zaɓi waɗanda za su je gasa a Dammam, wata uku yana mafarkin tafiyar nan, kuma ya san duk wanda aka fitar yau ba ya cikin mota. Ya ce in rantse ba zan faɗa ba. Na yi ƙoƙarin fizge hannuna. Ya ƙara matsewa.

"Ki ce wallahi."

Na ce wallahi.

Na dawo na zauna da lemona ba wanda ya sha. A islamiyya an koya mana nauyin rantsuwa, kuma a kaina na 'yar shekara tara, wanda ya karya wallahi ya gama yawo. Ga kuma gidanmu, inda ba a kawo wa Umma zancen Yaya kai tsaye, balle a gaban Gwaggo. Aka koma wasa. Ina kallonsa yana gudu a karkace, aka jefo masa ƙwallo ta wuce ta gefensa bai ko miƙa hannu ba. Kocin na daga waje yana yi masa tsawa ya farka. Sai alƙalin wasa ya busa, manyan yaran kowane ɓangare suka fara jeruwa za su haɗa kai da kafaɗa a yi ture-ture, kuma na san wurin Yaya a sahun gaba yake, inda kawuna ke karo. Ƙaton yaron nan na ɗazu yana tsaye daidai gabansa yana gyara robar bakinsa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na matsa jikin Umma, na faɗa da Larabci don kada Gwaggo ta ji, cewa ya yi amai, kuma ya yi mini tambaya ɗaya sau biyu.

Umma ta ajiye kofi, ta miƙe, ta tattare abayarta da hannu ɗaya, ta shiga filin ba takalmi. Yaran sun riga sun sunkuya, alƙali ya ɗaga hannu zai ba da umarni.

"Haruna."

Ba ihu ta yi ba, amma filin duka ya ji. Yaya ya ɗago daga cikin sahu yana waige-waige, bai gane muryar wa ke kiransa ba. Ta isa gare shi, ta kama fuskarsa da hannu biyu ta juya ta wajen rana tana duba ƙwayar idonsa. Kocin ya iso yana cewa saura minti kaɗan a tashi, yaron da kansa ya ce lafiyarsa ƙalau. Ta gaya masa da Turancinta na asibiti, a natse, cewa ba a tambayar wanda ya bugu a kai ko lafiyarsa ƙalau, kuma ɗanta ya gama wasa. Yaya ya fara turjewa, sai ƙafarsa ta lanƙwashe, ta tare shi da kafaɗa.

A mota, direba na ta keta danja zuwa asibiti, Umma ta fara ƙoƙarin jingina Yaya a jikin Gwaggo, kunyar ta dawo mata. Gwaggo ta ture shi a hankali ta mayar mata. "Riƙe ɗanki, Rabi. Ni ban ga komai ba." Ta juya tana kallon titi har muka isa. Aka ɗauki hoton kansa, aka ga ɗan jini ya taru a ciki, aka riƙe shi kwana uku. Likitan ya gaya wa Abba cewa da ya ƙara buguwa a wurin a ranar, da wata maganar ake yi. Aka je Dammam ba shi, kuma bai sake buga zari-ruga ba. Da ya ji ni ce na tona, ya fi wata ba ya amsa gaisuwata. Ni kuma na yi azumi uku na kaffara a ɓoye, har Umma ta gane ta dafa mini abin buɗa-baki ba ta tambaye ni dalili ba.

Yanzu ni ke tuƙa kaina a Riyad, kuma ran Asabar nakan kai ɗan Yaya irin wannan wasan. Akwai mai duba lafiya a bakin fili da jakarta, duk yaron da ya bugu a kai fita zai yi, ko ya yi kuka ko ubansa ya yi faɗa, ba a jiran a ga fuskar kowa. Umma ta yi ritaya ta koma Bichi. Bara da na je, muna ɓare gyaɗa a tsakar gida, ta ce mini ba tare da na tambaya ba, ai ta ga faɗuwar tun farko, ta san abin da take nufi, ta zauna tana zuba shayi, kuma har gobe in ta tuna sai ta rasa inda za ta sa kanta. Na so in gaya wa Yaya, amma ba shi da inda zai ajiye zancen. Buguwar ta shafe masa ranar gaba ɗaya, daga karin kumallo har gadon asibiti. Na sha ba shi labarin yadda ta tsaya a tsakiyar fili ta kira shi, sai ya yi murmushi ya ce in daina ƙari, Umma ba za ta taɓa ba. Sau ɗaya ta kira sunansa a duniya, kuma ni ce ke riƙe masa da shi.