Tafiya Hannu Rabbana

Shekarata arba'in da shida ranar da ma'aikaciyar jinya a Safana ta kwance abin awo daga damtsena ta ce, "Malama, jininki ya hau. Ga magani, amma ki rage gishiri, ki riƙa tafiya a ƙasa kullum."

Ni 'yar Batsari ce, koyar da kimiyya ya kawo ni Safana, a nan kuma na zauna bayan rasuwar maigidana. Tun da na kama aiki ƙafata ta manta ƙasa, ko kasuwa za ni sai na tsayar da ɗan acaɓa. Na sayi takalmin kambas, na fara fita bayan la'asar da hijabina, daga ƙofar gida zuwa gonakin dawa na bakin gari, in juyo. Ba na wuce nan, saboda halin da dajinmu yake ciki.

A mako na biyu na lura wayata tana ƙirga takuna, ba tare da na sa ta ba. Abin ya tsaya mini a rai. Ba ta da ido, ta yaya ta san na ɗaga ƙafa? Na ajiye ta kan tebur na zagaya ɗaki, ba ta ƙara ko ɗaya ba. Na zauna na girgiza ta a hannu, sai ta ƙirga. Ranar kasuwa na roƙi wani dattijo da ya kawo wake daga Wagini ya bar ni in cusa ta cikin mangalar jakinsa, na bi su a baya har tasha. Wallahi ta ƙirga wa jakin. Nan na gane jijjiga take ji, ba ruwanta da mai ƙafar. Washegari da wannan labarin na buɗe darasi, ɗalibaina suka yi ta dariya.

Mutanen gari su ma sun gani. Aka ce mace mai jika tana yawo ba aike ba unguwa, yanzu har jaki take bi. Wasu suka ce iska ce ta taɓa ni. Wasu suka ce tun takaba kaina bai dawo daidai ba. Magana ta kai Batsari, sai ga yayana a kan babur wata Asabar da hantsi.

Muka gaisa, na tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya gyara zama.

"Ke yanzu wannan ya dace? An ce kullum kina kan hanya hannu rabbana kamar wadda aka kora."

"Yaya, a asibiti aka ce in yi."

"Ki zagaya tsakar gida mana."

"Na gwada. Taku goma sha biyu ce, jiri ya ɗebe ni."

"To ki riƙa ɗaukar wani abu. Ko kwano ne, a ce unguwa za ki."

Muna cikin haka wata dattijuwar Bafillata mai kawo mini nono ta yi sallama. Ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma daga rugarsu take takowa kowace safiya. Na kama mata ta sauke ƙwarya, na ce, "Inna, a duk tafiyar nan da kike yi, an taɓa ce miki mahaukaciya?"

Ta dube ni, ta dubi yayana, ta yi dariya. "Ni? Ai ƙwaryar nan ce ke rufa mini asiri."

Na juya gare shi. Tun da nake ban taɓa musa masa ba sai ranar. "Yaya, ka yi haƙuri. Lafiyata nake nema, ba abin kunya nake yi ba. Ba zan ɗauki kwanon ƙarya don bakin mutane ba."

Ya tashi bai sha furar da na dama masa ba. Wata biyu bai kira ni ba, in na kira sai matarsa ta ɗauka. Abin ya dame ni ƙwarai, don shi ya riƙe ni bayan mahaifinmu. Amma ko rana ɗaya ban fasa fita ba. Jinin ya sauka kaɗan, ban rabu da magani ba, sai dai na daina haki in na hau tudun makaranta.

Da babbar Sallah na je Batsari na sauka a gidansa. La'asar na yi na ɗaura kambas ɗina. Yana zaune a zaure da abokansa, dole ta nan zan bi. Na durƙusa na gaishe su, suka amsa, idonsu na kan ƙafata. Ɗaya ya ce, "Malama, ina zuwa?"

Na ce, "Babu ko'ina, Alhaji. Tafiya kawai."

Yayana ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na miƙe na bi hanyar kasuwa, na wuce masu gasa nama, sai dab da magariba na dawo.